Ranar da Adda ta kira sunana

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata ba ta kiran sunana. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta gada. Iyayenta Fulani ne da suka ajiye sanda suka zauna a gefen ƙauyen Fassi suna noma, kunyarsu kuwa ta fi ta kowa tsanani. Da aka yaye ni sai aka kai ni Dawaki wurin kakata ta wajen uba. A can na yi firamare, ban dawo gidanmu na Kibiya ba sai da kakar ta rasu. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, kamar yadda ƙannenta suke kiranta. Idan tana son magana da ni sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan ruwa ya yi zafi," ko da kuwa daga ni sai ita a tsakar gida. Da na koyi ɗinki sai na tashi daga "wancan" na koma "mai keke".

Mu shida ta haifa, biyu muka yi rai, ni da autarmu. Shekara goma sha biyu ne tsakaninmu. Ita kam sunanta ya sha kira. A kira da safe, a kira da rana, a goya ta har ƙafafunta suna neman taɓa ƙasa. Ban taɓa jin haushi ba, ko in ce ban taɓa yarda cewa na ji ba. Ni na ɗinka mata rigar makaranta ta farko, na farke hannun sau uku saboda ina ganin ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Haka Allah Ya yi ni. Ina sake alwala da na yi shakka, ina komawa in jijjiga kwaɗon ƙofa bayan na san na kulle, kuma in na yi wa mutum magana nakan kwana biyu ina auna ko ta yi masa zafi.

Auta ta wuce makarantar kwana, ta wuce jami'a, ta karanta ilimin sinadaran da ke cikin jikin ɗan Adam. Daga nan aka ba ta gurbin ƙaro karatu a ƙasar Turawa, ta tafi tare da mijinta, wanda shi ma malamin jami'a ne. A can ta zama dakta, amma ba mai duba marasa lafiya ba. Wannan ya ba ni wahalar bayani a gari, domin mutane sun riƙa zuwa zaurena da ciwon baya da hawan jini wai in rubuta mata. Ni kaina ban gane aikin ba sai wani zuwa da ta yi gida, ta same ni a kan keke.

"Yaya, buɗe min ƙarƙashin keken nan," in ji ta. Na buɗe. Ta ce, "In zare ya harɗe a kwarkwaro, me ke faruwa?"

"Ɗinki ya riƙa tsallake. In ya yi yawa ya tsaya cak."

"To a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace tana saƙa wani abu mai kama da zare, furotin ake ce masa. Wani lokaci zaren yakan naɗe ba daidai ba, ya dunƙule, ya shaƙe ƙwayar har ta mutu. In suka mutu da yawa sai mutum ya fara canzawa. Aikina shi ne in gano abin da ke sa zaren harɗewa."

Na ce, "Kan mutane kike fasawa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙuda nake kiwo, Yaya. Ƙananan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. A cikin kwalabe. Ina saka musu irin zaren da ke cutar da mutum, in zuba ido in ga abin da zai same su."

Na yi kuskuren faɗa wa wani abokina wannan. Babarbare ne, yana sayar da zare da maɓalli a kasuwar Rano, wurinsa nake sayayya duk ranar kasuwa. Ta wajen uwa kawai na haɗa jini da Fulani, amma bai taɓa raga min ba. Ya tafa hannu ya ce, "Duniya ta zo ƙarshe! Bayina sun bar kiwon shanu sun koma kiwon ƙuda. To a ina ake tatsarsu?" Shekara da shekaru in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Yayan likitar ƙuda, ya garke?"

Mahaifinmu ya rasu daf da komawar mulki hannun farar hula. Matata ta bi shi bayan shekara guda, 'yata guda ɗaya kuma tana aure a Kano. Gida ya rage daga ni sai Adda. Muna kwana muna tashi a gida ɗaya, tana magana da bango, ina amsa wa bango. Sai Goggo, ƙanwar mahaifina, da gidanta ke kallon namu, ita ce takan leƙo ta cika mana tsakar gida da surutu ta fita.

Ranar da aka yi babban taron ƙaddamar da Shari'a a Kano, Kibiya ta zama kamar an share ta. Tun da sassafe motoci suka kwashe maza. Na so zuwa, har na goge riga, sai na fara tunanin turmutsitsi, da wanda zai kula da Adda in wani abu ya same ni a hanya. Na ninke rigar na zauna a zaure. Farkon damina ne, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, ba ka jin komai sai kukan kaji.

Wajen azahar ina datsa wuyan wata riga sai na ji an kira sunana daga cikin gida. Cikakken sunan, yadda aka raɗa shi, ba a gutsure ba. Na zaci wata maƙwabciya ce ta shigo ta baya. Aka sake kira. Na ajiye almakashi na shiga. Adda na zaune a bakin ɗakinta da kwanon dambu a gabanta, ba kowa a gidan sai ita. Ta dube ni ido cikin ido, ta sake faɗin sunan, ta ce, "Zo ka ci tun da zafi."

Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Na durƙusa na sa hannu na fara ci. Tana kallona har na cinye. Ta ce, "Ka rame." Na koma zaure na zauna a kan keke, ban taka shi ba har la'asar.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina ai tsufa ne ya zo, miji ya tafi, mu biyu muka rage, sai ta ga kunyar ba ta da sauran amfani. Tun daga ranar kusan kullum sai ta kira, yawanci in abincin rana ya sauka. Allah Ya yafe min, wani lokaci ina ji sarai sai in yi shiru don ta sake kira.

An fi shekara a haka kafin sauran abubuwan su fara. Adda da ba ta shan shayi sai ga ta tana kamfatar sukari da hannu. Ta je gaisuwar mutuwa ta fashe da dariya ana tsakiyar addu'a. Mai ƙosai ta shigo talla, Adda ta sa hannu a tire ta ɗiba ta juya abinta. Matar liman ta kawo mana tuwo, Adda ta ɗanɗana ta ce a gabanta, "Wannan ko akuya ba ta ci." Matar da a da ko sunan miji ba ta iya faɗa! Goggo ta ce iska ce, ta kawo rubutu da hayaƙi. Na karɓi rubutun na ba ta, amma na zauna na rubuta wa Auta wasiƙa, ban faɗi komai dalla-dalla ba, na dai ce Adda ta canza.

Amsarta tana nan a akwatina. Ta ce in sayi littafin rubutu, duk sabon abin da Inna ta yi in rubuta shi da ranarsa. Ta ja layi a ƙarƙashin wani wuri: in fara da abin da ya fara bayyana, domin na farkon shi ne ke nuna wane irin ciwo ne, kada in bar komai ko da ina ganin ba shi da amfani.

Na sayo littafin a Rano. Na buɗe shafin farko, na riƙe biro, na daɗe. Na san abin da ya kamata ya hau shafin nan. Amma littafin na ciwo ne, duk abin da ya shiga cikinsa ya zama ciwo ke nan. In na rubuta cewa Adda ta kira sunana, to ba Adda ce ta kira ba. Na juya shafin na bar shi fari, na fara a na biyu da ranar da ta zuba gishiri a koko.

Kuskure na biyu ma daga hannuna ya fito. Ban iya rubuta cewa mahaifiyata ta yi rashin kunya ba. Biron ya ƙi. Wane ɗa ne zai rubuta haka da hannunsa, a kuma kai takardar wata ƙasa, baƙi su karanta? Sai na sama mata mafita a kowane layi. Ta manta ba a dariya a gidan makoki. Ta manta ƙosan ba nata ba ne. Ta manta matar liman ce a gabanta. Shafi bayan shafi, ta manta, ta manta, da kwanan wata a gefe, da layi a ja da rula. Alhali Adda ba ta manta komai ba. A lokacin tana iya lissafa maka shanun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya da launin kowace, ta kuma san inda na ajiye allurar da na yi kwana biyu ina nema.

Na kwafe shafukan da kyau na aika. Auta ta karanta abin da na ba ta, ta yi magana da wani likita abokin karatunta da ke aiki a wani asibiti a Kano, ta ce in kai Inna. Na kai ta. Likitan mutumin kirki ne, ya ba mu lokaci. Ya yi wa Adda tambayoyi, ta ƙi amsawa, tana ta wasa da murfin bironsa. Sai ya koma kan littafina, ya karanta, ya yaba da tsaftar rubutun. Ya tambaye ni, "Malam, mantuwar ce ta fara zuwa?" Na ce e. Ya ce alamu sun fi kama da ciwon mantuwa na tsufa, ya rubuta wata ƙwaya, ɗaya kullum.

Ban taɓa tsallake rana ba. Nakan sa mata a baki da kaina, in duba ƙarƙashin harshe. Kafin sati uku Adda ta fara amai. Ta daina zama. Daga bakin ɗaki zuwa madafi, daga madafi zuwa zaure, ta juyo, tun safe har rana ta faɗi, har ƙafarta ta yi hanya a tsakar gida. Goggo ta zo yi mata wanka, Adda ta ɗauki ludayi ta kwaɗa mata a goshi. Goggo ta fito tana dafe da wurin ta ce, "Kai mai keke, wannan maganin na ƙanwarka na ƙuda ne ko na mutane?" Na ce likita ya ce a daure, jiki zai saba. Zanen Adda ya fara yi mata yawa, sai ta naɗa shi kusan sau biyu.

Nakan ɗauko wasiƙar Auta in karanta wurin da ta ja wa layi, in mayar. In na tsaya salla shafin nan fari ne a gabana, har na riƙa rasa ko raka'a nawa na yi. Na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi. Sai wata zuciyar ta ce, da likita ya tambaye ka me ka ce masa?

Ran kwana na arba'in da bakwai da fara maganin, da hantsi, Adda ta tsaya a ƙofar zaure tana haki, ta dafa bango. Ta kira sunana, ta ce, "Cikina." Ta sake kira, ta ce, "Ka cire min." Ba ta faɗi abin da zan cire ba. Ta juya ta ci gaba da zagayenta. Na ɗauko littafin, na buɗe shafin farko, na rubuta ranar taron Shari'a, na rubuta abin da ya faru, har dambun. Sannan na bi sauran shafukan ina soke "ta manta" ina rubuta abin da idona ya gani. Na roƙi Goggo ta zauna da ita, na hau ɗan acaɓa zuwa Rano.

Lokacin wayar hannu ta fara isowa, amma sabis sai an hau tudu. Akwai wani mutum kusa da tasha da ke da waya ta haya, shi yake raka mutane kan wani dutse a bayan gari. Na bi ta gaban rumfar abokina, ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskata ya fasa. Ya ce, "Jikin tsohuwa ne?" Na ce, "Nawa ne." Ya ce Allah Ya sawwaƙe, bai ƙara ba.

Sai a kira na uku aka ɗauka. Ina jin ƙarar wasu injina a bayanta, tana wurin aiki.

"Yaya? Lafiya? Inna ce?"

"Tana nan da rai. Auta, akwai abin da ban rubuta miki ba."

"Ina jinka."

"Adda tana kiran sunana."

Sai ta ce, "Sunanka? Inna? Da bakinta?"

"Da bakinta. Tana kuma kallon idona."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka yi taron Shari'a a Kano."

Na ji tana lissafi a hankali. "Yaya! Wannan ai ya riga gishirin da fiye da shekara!"

"Ya riga shi. Kuma duk inda na rubuta ta manta, ba mantuwa ba ce. Tana sane. Kunyar ce babu."

"Innalillahi. Kai da kake farke hannun riga sau uku? Kai da na ce wa mutane in yayana ya rubuta abu ba sai an bincika ba?" Ban taɓa jin Auta ta ɗaga min murya ba sai ran nan. Na tsaya a kan dutsen ina kallon rufin kwanon gidajen Rano, mai wayar yana gefe yana yi kamar ba ya ji. Na ce, "Na yi laifi."

Ta ja numfashi, muryar aikinta ta dawo. Ta ce ba ciwon mantuwa ba ne ke nan. Akwai wani daban da ke fara cin ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wurin da ke riƙe mutum ya yi kawaici, ya san abin faɗa da abin bari. Mai shi yakan daɗe bai manta komai ba, hali ne ke fara zubewa. Maganin da ake ba Inna ba na wannan ba ne, kuma yana iya hana irinsu zama. Ta ce kada in tsayar da shi da kaina, za ta nemi likitan a ranar, gobe in kai ta tare da littafin.

Mai waya ya fara nuna min agogo. Na ce, "Auta, tambaya ɗaya. Ciwon ne ke kirana?"

"Yaya…"

"Ki faɗa min gaskiya. Ke kika san abin nan."

"Ban sani ba. Wallahi in na ce maka na sani na yi ƙarya. Zan iya nuna maka inda zaren ya harɗe, amma abin da ke ranta ba ya fitowa a madubin bincikena." Sannan ta ce, "Ka tuna ina ƙarama, lokacin kana koyon ɗinki a bakin kasuwa, ina kai maka fura kullum ina cewa Goggo ce ta aiko? Ba Goggo ba ce. Inna ce ke damawa, ta ce in na faɗa sai ta yanke min kunne. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba a makaranta na koya ba."

Sabis ya ɗauke kafin in amsa.

Washegari na kai Adda Kano. Na miƙa wa likita littafin da soke-sokensa, na ce masa ranar farko ban faɗa masa gaskiya ba. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Ya karanta shafin farko sau biyu, ya ce shi ma ɗan fari ne. Aka janye maganin a hankali. Aman ya tsaya, zagayen ya ragu, ta koma zama a bakin ɗakinta tana cin abinci. Naman da ta zubar dai bai dawo duka ba. Ciwon kansa kuwa ba shi da magani, Auta ba ta ɓoye min ba.

Da damina ta zagayo Auta ta zo. Tana zaune a tabarma tana ba Adda ayaba sai Adda ta ɗaga murya ta kira ni daga zaure. Na shigo na tarar Auta ta rufe baki da mayafi. Ta kwana goma sha biyu, kullum da littafina a cinyarta, tana yi min tambayoyi, tana yi wa Goggo. A nan muka ji daga bakin Goggo cewa wani yayan Adda ma ya yi irin wannan kafin ya rasu, har yakan tuɓe rawani a kasuwa ya zauna a kai, aka ce iska ce.

Ta koma da littafin bayan ta nemi izinina. Daga baya ta gaya min ta karkata aikinta kan irin zaren da ke kawo wannan ciwon, ta yi sababbin ƙudaje dominsa. Ta ce kuma takardun tambayoyin da likitoci ke amfani da su an tsara su ne a inda uwa ke kiran ɗanta na fari tun yana zanen goyo, ba wanda zai yi tunanin tambayar irin abin da na ɓoye. Ita da abokin karatunta suka zauna suka tsara wasu da Hausa. A ciki akwai wadda ke cewa: me mara lafiya ya fara yi wanda a da yake jin kunyar yinsa? Ta aiko min da wata takarda mai hotuna kore da ja da aka buga da sunanta a sama, ta ce jajayen ɗigon nan su ne zaren da ya dunƙule. Turancin ya fi ƙarfina. Har yau tana can da kwalabenta, ta yi furfura, tana da ɗalibai, maganin bai samu ba tukuna. Takan ce sun matsa taku ɗaya. Nakan ce Allah Ya sa albarka.

Maganar Adda ta riƙa raguwa kamar ruwan rijiya da rani. Hira ta tafi, gaisuwa ta tafi, aka bar 'yan kalmomi, sunana a cikinsu. Na daina yin shiru don ta sake kira, da ta buɗe baki nake amsawa. Daga baya shi ma ya tafi. Shekararta ta ƙarshe ba ta ce komai ba. Ta rasu da kaka, ana yankan gero, da rana tsaka, ina riƙe da kofin ruwa.

Kwana arba'in da bakwai ɗin nan ban daina ƙirga su ba. Na tambayi malamai biyu, duka suka ce in yi istigfari in bar abin, tunda ban yi nufin cutarwa ba. Auta ma ta ce ta yafe, ta ce ita ma da ta zo da kanta tun farko maimakon aiko wasiƙa da ta gani. Ina jinsu.

Maganar fura kuwa ta daɗe tana cina. Na riƙa tunanin ko Auta ta ƙirƙira ta ne a kan waya don ta ga na kusa faɗuwa. Na kasa tambayar kowa lokacin da Adda ke da rai, ban san dalili ba. Sai bayan sadakar arba'in na sami Goggo tana tsince wake a ƙofar ɗakinta, na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ina so in yi mata godiyar furar da ta riƙa aiko min ina koyon ɗinki.

Ta ɗago ta dube ni. "Wace fura?"

"Wadda Auta ke kai min bakin kasuwa."

"Ni? Kai mai keke, ka taɓa ganin na dama fura ta yi kyau? Mijina har ya mutu saye yake yi." Ta mayar da kai kan wakenta, ta ce, "Shekara nawa kana sha, ba ka gane hannun Fulani ba?"

Na koma gida na buɗe zaure. Akwai wandon wani yaro da na yi alkawarin gamawa kafin Juma'a, na zauna na ɗinke shi. Yanzu ni kaɗai ne a gidan. Auta tana kira duk Juma'a, sabis ya iso har tsakar gida, takan tambaye ni ko ina cin abinci, ni kuma in tambaye ta garkenta. Goggo ce ke aiko min da abincin rana. In azahar ta gabato nakan ɗauke ƙafa daga keke in ɗan saurara, sannan in tashi in yi alwala.